Anti Melvina da Baƙin Murhun Zauren Baggs Cove

Ƙarfe bakwai na safe, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, duk wanda ya leƙa ta taga a Baggs Cove, ɗan garinmu na bakin teku, zai hango Anti Melvina Keeping tana hawan tudun bayan coci, hannu ɗaya a aljihun rigar sanyi, ɗaya riƙe da mabuɗin zauren gari. Ba ta sauri, ba ta kuma tsayawa hira. In ka gaishe ta za ta amsa ba tare da ta juyo ba, ta ƙara maka da cewa yau iskar daga teku take, wato akwai laima, wato aiki na jiran ta.

In ta buɗe zauren ba ruwanta da kujeru da tebura. Kicin take wucewa kai tsaye, wurin murhu. Tsohon murhun gas ne mai kai shida, da tanderu biyu a ƙasa, da wani faffaɗan kaskon ƙarfe a gefen dama mai faɗin ƙyauren ɗaki. Za ta fara shafa kaskon da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan, tana neman inda ya yi kaushi. Sannan ta kunna kawunan ɗaya bayan ɗaya, ta sunkuya tana kallon wutar. In shuɗiya ce tas, ta zagaye kan babu giɓi, sai ta kashe ta wuce na gaba. In kuwa ta ga harshen wuta rawaya ko da guda ɗaya ne, to shayin safe sai ya jira. Za ta bari kan ya huce, ta ɗage shi, ta ciro wata tsohuwar ƙugiyar kifi da ta miƙar da guduma, ta bi 'yan kafofin wutar ɗaya-ɗaya har ta gano wadda ta toshe. Daga ƙarshe ta ɗiga mai a tsumma, ɗigo uku ko huɗu, ta goge kaskon, ta sake bin sa da busasshen tsumma. Haka take yi har a ranakun da ba wanda zai ɗora ko butar shayi. Bana shekara talatin da ɗaya ke nan.

Kada wani ya ɗauka gwanar girki ake yabo a nan. Ina! Anti Melvina ta san kanta, mu ma mun san ta. Miyarta ruwa ce da gishiri. Burodinta kuwa, marigayi mijinta Kawu Job yakan ce a ajiye masa guda ɗaya don ranar da ya rasa dutsen da zai tsayar da kwalekwale, ita kuma ta ce masa ai shekara arba'in yana ci bai nutse ba. Gwanayen girki muna da su, kuma suna shan yabo duk mako. Ita nata aikin ba ya hawa faranti, shi ya sa ba a cika tunawa da shi ba.

Abincin Laraba shi ne dalilin duk wannan ɗawainiya. Tun da aka hana kamun kod, kifin da garin ke rayuwa a kansa, masana'antar kifi ta rufe, samari da 'yan mata suka watse yamma neman aiki, garin ya koma na tsofaffi. Da yawansu su kaɗai suke kwana su tashi, daga su sai rediyo. Amma ranar Laraba da tsakar rana kowa zai sa rigarsa mai kyau ya hau tudu. A ci naman gishiri da kabeji da dankali, a ci wainar kifi, a soya tauton, ƙullin burodin nan da muke dangwala wa maɗin rake, a sha shayi kofi uku, a ɗauko musun da aka bari makon jiya a ci gaba daga inda aka tsaya. In kujerar wani ta zauna babu kowa, kafin a ɗauke kwanuka an tura a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Da haka aka taɓa tarar da mutum biyu a ƙasa, sun faɗi sun kasa tashi.

Murhun daga kicin ɗin masana'antar ya fito. Da aka rufe ta, maza takwas suka ɗora shi a kan katako suka ja shi bisa ƙanƙara har saman tudu. Anti Melvina, wadda a lokacin wanke-wanke take yi a can, ta biyo su a baya tana yi musu faɗa su bi a hankali. Ba kwamitin da ya zauna ya naɗa ta, ba wanda ya roƙe ta. Ta dai biyo shi, ba ta kuma rabu da shi ba. Mu da ke bakin teku mun san abin da iskar gishiri ke yi wa ƙarfe. Tana cin ƙusa, tana cin kwanon rufi, tana cin injin kwalekwale. A cikin wannan iska murhun nan ya shekara talatin babu ɗigon tsatsa a jikinsa.

Duk watan Oktoba sufeton kashe gobara, Mista Pittman, yakan zo a jirgin fito ya duba shi. Mutum ne mara yawan magana, kuma tun zuwansa na farko ya faɗi gaskiya. Ya ce kamfanin da ya ƙera murhun ya daɗe da mutuwa, babu inda za a samu ko ƙusarsa. Ya ce muddin wutar na ci da kyau, ƙarfen kuma lafiya lau, zai sa hannu. Ranar da ya ga akasin haka zai rataya masa jan kati ya rufe gas. Sabon murhu kuwa, a dokar yanzu, sai an canja bututun hayaƙi da na gas da rabin bango, abin da garin tsofaffi casa'in ba shi da ƙarfinsa. Kowa a Baggs Cove ya san ma'anar jan katin nan. In aka rataya shi, Laraba ta zama kamar Talata.

Waɗanda suka ga shekarar da ƙanƙara ta karya turakun lantarki ba sa mantawa. Kwana shida babu wuta, teku ta haukace, jirgi bai zo ba, gidaje kuwa yawanci da lantarki suke girki da ɗumama ɗaki. Gari kakaf ya tare a zaure da barguna. Loretta Snook, shugabar ƙungiyar matan coci, ta ce ita abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda Anti Melvina ta hana a kunna kawuna shida gaba ɗaya. Huɗu suna ci, biyu suna hutawa tana share su, sannan ta juya. Mutane suka yi ta gunaguni, yunwa ga sanyi, wani ma ya ce sai ka ce murhun gadonta ne. Ko a jikinta. Kwana shida murhun bai yi tari ba ko sau ɗaya, gas ɗin da aka ce kwana huɗu zai yi ya kai su har ranar da jirgi ya iso.

Ke ce wannan, Anti Melvina. Ke ce mai jin warin gas tun daga bakin ƙofa alhali mu goma muna ciki ba mu ji ba, ki kaɗa kumfar sabulu ki shafa a tiyo har sai kin ga inda gas ke fita yana busa kumfar. Ke ce mai ciro rariyoyin bututun hayaƙi duk farkon wata ki jiƙa su a ruwan zafi da soda, hannuwanki su yi jawur, ki ce ba komai. Uwar murhu, mai kwana da tunanin tsatsa. Mun ci daga wahalarki shekara da shekaru, muna yaba wa mai miya muna yaba wa mai waina, ke kuma mu ce miki sai da safe.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma da kunya nake faɗa, don har da hannuna a ciki.

A watan Satumban bana aka kira Anti Melvina asibitin birni za a yi mata aiki a ƙugu. Shekararta saba'in da huɗu, ta daɗe tana ɗingishi tana musu. Da za ta hau jirgi ta damƙa wa Loretta mabuɗi, ta ce a riƙa goge murhun kawai, kada a taɓa komai. Iyakar bayanin da ta yi ke nan. Mako biyar ta yi a can wajen 'yarta.

Al'adarmu ce a nan, in mace za ta dawo daga asibiti, mata su taru su wanke mata gida tun daga rufi har ƙasa, ta shigo ta tarar ko'ina fes. Muka je gidan Anti Melvina mu bakwai da bokitai, muka zagaya, muka rasa abin wankewa. Matar nan ko bayan firij ɗinta babu ƙura. Muna tsaye cirko-cirko sai Loretta ta ce ai gidanta na gaskiya yana kan tudu. Nan take muka yi na'am. Gaskiyar magana, mun daɗe muna gulma a tsakaninmu cewa kaskon nan ya yi baƙi ƙirin, wataƙila idon Anti ne ya fara rauni ba ta ganin dauɗa, kuma ba mai ƙarfin halin gaya mata. Ga dama ta samu, za mu yi mata abin kirki ba tare da an ɓata wa kowa rai ba.

Ranar Asabar muka yi masa taron dangi. Muka feshe kaskon da maganin nan mai cin maiƙo, muka bi shi da soson ƙarfe, muna karɓa-karɓa, har da waƙa. Sai da muka kankare baƙin nan tas, ƙarfe ya fito fari sol kana ganin fuskarka a ciki. Kawunan shida muka cire muka jiƙa a baho da sabulu suka kwana, da safe muka mayar da su da laimarsu. Ƙasan tanderu kuwa muka shimfiɗe shi da farar takardar nan ta naɗe abinci, har kan ramukan da ke ciki, wai don kada romo ya ɗiga ya ɓata mana aiki. Muka ja da baya muna kallo muna yaba wa kanmu. Wata ma ta ɗauki hoto.

Lahadi da Litinin hazo ya taso daga teku ya zauna a kan gari. Ranar Laraba da safe da Loretta ta buɗe kicin, kaskon ya yi ja kamar an barbaɗa masa barkono. Muka goge muka zuba mai muka ce zai yi. Tauton na farko ya manne, sai da aka kankare shi gutsi-gutsi. Wainar kifi ta farfashe. Kawunan suna ci da wuta rawaya mai lilo, gindin tukwane ya yi baƙi, ido na yaji. Abin da aka sa a tanderu ya ƙone a ƙasa, samansa ɗanye. Ran nan tsofaffi burodi da shayi suka samu, ba wanda ya yi ƙorafi, amma kafin ƙarfe ɗaya zauren ya watse. Washegari Anti Melvina za ta sauka. Alhamis ta sama kuma Mista Pittman zai zo.

Ta sauko daga jirgi da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta rame, tana taku ɗaya-ɗaya. Ta dubi fuskokinmu a bakin gaɓar da jirgi ke tsayawa, ba ta ko gama amsa sannu da zuwa ba ta ce a kai ta zaure. Aka ɗora ta a motar Loretta. A ƙofar kicin ta tsaya. Ta daɗe tana kallon kaskon. Ta matsa, ta ɗora yatsa ɗaya a kai, ta duba jan da ya biyo yatsan. Ta buɗe tanderu da ƙafar sandarta ta ga takardar. Mu kuwa mun yi tsuru-tsuru a bayanta, kowa na jiran saukar faɗa, har gara ma a yi faɗan a huta.

Abin da ke ranta a lokacin, daga baya ta faɗa wa Loretta. Ta ce baƙin nan ba dauɗa ba ne. Mai ne da wuta, shafi bisa shafi, na kowace safiya tun ranar da aka hau da murhun tudu, shi ne rigar da ta hana gishiri taɓa ƙarfen, shi ne ya sa abinci ba ya mannewa. Ta ce da ta gan shi fari da ja sai ta ji kamar an aske wa 'yarta kai ba a tambaye ta ba. Ta ce zagi ya zo mata har baki. Sai ta ga hannun Loretta, duk ya sassaɓe ya yi ƙuraje saboda maganin, ta tuna mace ba ta yi wa hannunta haka don mugunta.

Ta juyo ta ce, "Kun sha aiki, 'yan nan. Sannunku."

Loretta ta fashe da kuka. Ta ce, "Anti, ki zage mu mana. Mun kashe miki murhu."

"Bai mutu ba, tsirara kuka yi masa. Kuma in zagi ne, ni ya kamata a fara da ni. Shekara talatin kuna shiga kuna fita a kicin ɗin nan, na taɓa zaunar da ɗayarku na ce ga dalilin kaza? Korar ku nake yi. Ina jin daɗin a ce sai ni. Jawo mini kujera."

Matsalar ita ce likita ya hana ta sunkuyo, ya hana ta tsayuwar da ta wuce minti biyar. Aikin da ya rage kuwa duk na sunkuyo ne da tsayuwa. Don haka a karon farko a rayuwarta Anti Melvina ta zauna ta naɗe hannu, wasu suna taɓa mata murhu tana kallo. Wallahi ya fi mata aikin asibitin ciwo, kana ganin yatsunta suna motsi a kan cinyarta.

Takardar tanderu aka fara yayewa, ta nuna mana ramukan da muka toshe, ta ce ta nan wutar ke shaƙar iska, wutar da ba ta samu iska ba kuwa guba take fitarwa wadda ba ta da wari. Jikinmu ya yi sanyi da muka tuna tsofaffin da suka zauna a zauren ranar Laraba. Aka cire kawunan aka gasa su a tanderu har laimar cikinsu ta ƙone. Sannan ta miƙa wa Loretta ƙugiyarta. Kowane kai yana da kafofi arba'in, sabulu da tsatsa sun daskare a ciki, sai an bi su ɗaya-ɗaya ba tare da an faɗaɗa ko guda ba. Loretta mace ce mai gaggawa, ta saba ba da umarni, amma ta zauna a ƙasa kwana biyu tana tsokaci tana hurawa, Anti na ce mata ta sake wancan, ba ta yarda da shi ba.

Kaskon ne ya fi ba mu wuya. Aka goge tsatsar da gishiri da mai har ƙarfe ya fito. Daga nan sai shafi. A ɗiga mai kaɗan, a goge har ka rantse babu saura, a kunna wuta har ya yi hayaƙi, a kashe, a jira ya huce, a sake. Sau biyar a yini. Ni da nake ganin yawan mai shi ne alheri, na tuttula masa rabin kofi don a gama da wuri, ya yi danƙo kamar ƙaro, sai da aka kankare aikin yini guda aka koma farko. Anti ba ta yi mini faɗa ba, ta dai tambaye ni ko haka nake shafa wa jikokina mai. Ta koya mana cewa kasko da zafinsa ake kankare shi, da zarar an kwashe na ƙarshe, in ya huce an makara. Ta koya mana ruwa maƙiyinsa ne, sabulu kuma ya fi ruwa. Daga fari ya koma ruwan zuma, daga nan ya yi ruwan ƙasa. Baƙi dai bai yi ba, ta ce wannan sai shekaru.

Larabar da ta zo aka sanar babu abinci, karo na farko tun da aka fara. Duk da haka, ƙarfe goma sha biyu sai ga Kawu Ambrose Durnford, tsohon masunci mai shekara tamanin da uku wanda matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, ya turo ƙofa da farar rigarsa, ya taje gashi. Shi da Anti Melvina abokan wasa da tsokana ne duk da ya girme ta.

Ta ce, "Ambrose, kunnen ne ya ƙarasa mutuwa? An ce yau babu."

Ya kira ta da sunan gidan ubanta ya ce, "Na ji, 'yar gidan Pardy. Na sa rigar ne kafin in tuna. Da na tuna kuma sai na rasa inda mutum ke zuwa ranar Laraba."

Ba wadda ta iya ɗaga kai a cikinmu. Anti Melvina ta ce tunda ya zo ba zai zauna haka kawai ba, ta sa aka turo masa buhun albasa da wuƙa. Aka soya albasar da ɓawon dankali a kaskon, don ta ce suna janye warin ƙarfe. Loretta ta saci ɗan ƙullin tauton ta jefa a gefe don gwaji. Da ta sa cokali ƙarƙashinsa sai ya taso salin-alin, bai bar ko ɓurɓushi ba. Kawu Ambrose ne ya cinye shi, ya ce ya ɗan yi warin albasa amma ya ci wanda ya fi shi muni a hannun wata da ba zai faɗi sunanta ba.

Mista Pittman ya zo a jirgin safe ranar Alhamis. Ya ga kaskon ya canja launi, ya dubi Anti a kujera, ya dubi matan da suka jeru jikin bango, bai tambayi komai ba. Ya shafa ƙarfen, ya leƙa ƙarƙashinsa da tocila. Ya duba tiyo, ya duba tanderu. Sannan ya fara kunna kawuna. Na ɗaya shuɗi. Na biyu, na uku, na huɗu, na biyar, duk lafiya. Na shida ya kama, amma ta gefe ɗaya wutar ta miƙe rawaya tana lasar iska. Ya tsaya yana kallon ta, ya sa hannu a jakarsa.

Anti Melvina ta dafa sandarta za ta miƙe. Ta kai rabi, sai ta koma ta zauna. Ba ƙugun ne ya mayar da ita ba, mun ga fuskarta. Ta kulle bakinta, ta kawar da kai wajen taga.

Loretta ce ta matso. Ta ce ya yi haƙuri ya ba ta minti biyu. Ta kashe wutar, ta sa tsumma ta ɗage kan, ta ɗaga shi wajen haske ta duba kafofin, duk a buɗe. Ta shafa mazauninsa da yatsa, ta ciro wani ɗan guntun ɓawon albasa da ya maƙale ya hana kan zama daidai. Ta mayar, ta juya shi har ya ce ƙas. Da ya sake kunnawa wutar ta zagaye shuɗiya babu giɓi.

Abin da ya ciro daga jakar takardarsa ce da biro. Ya cike, ya zo gurbin da ake rubuta sunan mai kula da murhu, ya fara rubutawa kamar yadda ya saba.

Anti ta ce, "Dakata, Mista Pittman. Rubuta Loretta Snook."

Ya ce, "Kin tabbata, Misis Keeping?"

"Ban ce mata komai ba ta gano. Me kuma ya rage?"

Loretta ta karɓa, amma da sharaɗi. Ta ce ba za a sake barin aikin a wuyan mutum ɗaya ba, mu bakwai ɗin da muka yi ɓarna mu za mu riƙa karɓa mako-mako, kowa kuma ta koya wa wata.

Larabar da ta biyo baya zaure ya cika. Aka zuba wa Anti Melvina abinci aka miƙa mata. Ta karɓi farantin ta tsaya a tsakiyar zaure tana waige-waige. Sai a lokacin muka fahimci ba ta san inda za ta zauna ba. Kowa yana da kujerarsa da ya saba, ita ba ta da ita. Shekara talatin da ɗaya, lokacin da ake zama cin abinci shi ne lokacin da kasko ke da zafi, tana can tana kankara. Nata sai daga baya, a tsaye, bayan ya huce. Ba ɗayanmu da ya taɓa lura. Kawu Ambrose ya ja kujerar kusa da shi ta wajen taga, ya ce ta zo nan kafin ta zubar wa mutane da romo. Ta zauna, bayanta na kallon kicin. Daga ciki ana jin ƙarar kankara, wuyanta ya yi ta son juyawa, ta hana shi. Ta gutsiri tauton ta dangwala maɗi ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa.

Ta ce, "Ashe haka yake da zafinsa."

Anti Melvina, ke ce kika ciyar da gari ba tare da kin dafa masa ko tukunya ɗaya ba. Ke ce muka ɓata wa aikin shekara talatin a yini guda, kika ce mana sannu. Kin riƙe murhun nan da hannu biyu, da lokaci ya yi kuma kika sake shi, na biyun ya fi na farkon wuya, mun kuma gani da idonmu. A madadin tsofaffin Baggs Cove, da 'ya'yansu da ke nesa suna barci da kwanciyar hankali don sun san ranar Laraba wani zai ga iyayensu, mun gode. Allah ya ƙara miki lafiya, ya warkar da ƙugun nan sarai.

Ku kuma masu karatu, duk inda ake dafa wa jama'a abinci akwai mai irin aikinta, a makaranta, a asibiti, a gidan biki. Ku leƙa bayan an fara ci ku ga wa ya rage a tsaye. Ku tambayi sunansa. Kada ku yi masa gwaninta irin tamu, ku ce ya nuna muku yadda ake yi, sannan ku karɓe shi ya je ya zauna. In kuma kai ne mai irin wannan aiki, kada ka jira sai likita ya zaunar da kai kafin ka koya wa wani.

Ke dai Anti, kujerar wajen taga taki ce yanzu. Ki zo a makare in kin ga dama, za a ajiye miki naki a rufe, kuma ba wanda zai bar ki ki tashi sai kin shanye shayinki.